Kwalin da Na Ɓoye a Hannun Rigar Auta

Zuwa ga Yayana, babban wanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da maiɗakinka da yaran duka. Allah ya ƙara maka lafiyar bayan nan naka da kake ta ƙorafi a kai, ya sa albarka a aikinka, ya kare ku daga sharrin zaman baƙunta. Na san za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannu a wannan zamani, ka ce yau kuma me Mai Almakashi ta ɓallo. To, labarin da nake ɗauke da shi ya fi ƙarfin waya. Kai in an kira ka, minti biyu ka ce ana jiranka a wajen aiki, ni kuwa ka san ba a katse ni a zauna lafiya.

Mutanen gida kowa lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, sai dai taurin kan yana nan inda ka bar shi. An ce kada ta hau matakala, shekaranjiya na same ta a saman bene tana shanya, wai mu ba mu iya matse kaya ba. Baban yara yana gaishe ka, an mayar da shi aikin safe, yanzu in ya dawo sai ya hau gyara mana abubuwan da ba su lalace ba. 'Yan biyu sun shiga aji huɗu, ɗaya ta iya lissafi ɗaya ta iya rigima. Shagona kuma an ɗinke yoyon rufin da ya kusa ɓata mini yadudduka, ina ta fama da masu kawo ɗinki yau su ce jiya suke so.

Maganar da ta sa na ɗauki biro ita ce ta ƙanwarmu Auta. Ka san hannunta na dama da yake rawa tun zazzaɓin da ta yi tana shekara huɗu. Abin da ba ka gani ba, saboda ka riga ka tafi, shi ne yadda ta koma bayan ranar nan da kofi ya suɓuce mata a shagon sayar da kaya, wata mata ta janye ɗanta daga kusa da ita kamar abin yana yaɗuwa. Shekara shida ke nan. Daga ɗakinta sai falo, daga falo sai asibiti in ranar ganin likita ta zo. In baƙi suka yi sallama, kafin a amsa ta shige. Yarinyar da ka sani mai tsokanar tsiya, wadda take ɓoye maka takalmi, ta koma ba ka jin muryarta sai ka tambaye ta abu sau biyu. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun yi addu'a, daga baya muka saba, kuma sabon nan shi ya fi ba ni tsoro.

Wata biyar da suka wuce mai gasa mata hannu a asibiti ta ba mu labarin wasu masu bincike a jami'a da suke neman mutane masu larura iri-iri don su haɗa kiɗa tare. Na ce kiɗa kuma? Mu da muke neman magani. Amma Auta, abin mamaki, ta ce tana so ta gani. Muka je. Wani ɗaki ne a ƙarshen baranda, an lulluɓe bangonsa da soso, wayoyi ko'ina a ƙasa an danne su da salatif, ga lasifikoki manya da ƙanana, ga butar shayi a kan akwatin kayan aiki. Shugabarsu wata malamar kiɗa ce, kowa Dakta yake ce mata, gajeruwa mai saurin tafiya. Kafin mu zauna ta gaya mana dokokinta biyu. Ta ce nan ba asibiti ba ne, ba a gyaran kowa. Sannan ba mai taɓa jikin wani ko tufafinsa sai ya nemi izini. Ni dai na gyaɗa kai, amma a raina na ce to in ba za ku gyara ba me muka zo yi.

Bari in kwatanta maka abin yadda na fahimce shi, kada ka je kana gyara ni a gaban yara. Akwai wani Injiniya a cikinsu, dogo, mai magana da kayan aikinsa kamar suna ji. Shi ya haɗa wasu 'yan ƙananan na'urori kamar maɓallin riga. In aka ɗora su a hannu, duk motsin da hannun ya yi suna kai rahoto ga kwamfuta, ita kuma ta mai da motsin sauti. Sautin ma ba na ganga ko molo ba ne, kowa aka ce ya naɗo ƙarar abubuwan gidansu. Auta ta naɗo ɗigar famfon kicin, da kukan ƙofar banɗaki, da keken ɗinkina, sannan ta naɗo ƙarar cokali yana bugun kofi in tana dama shayi. Wannan ƙarar kuwa, Yaya, ita ce ta sa ta daina shan shayi a gaban mutane. Ranar da aka fara ɗora mata na'urar ta ɗaga hannu, sai ɗakin ya cika da wani irin kiɗa mai sauri, ƙwal-ƙwal-ƙwal, yana hawa yana sauka. Ta juya hannun, famfo ya shigo. Ta runtse yatsu, ƙofa ta yi kuka. Ta tsaya tana kallon hannun nan, can sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Wallahi na manta rabon da in ji wannan dariyar, sai da na fita baranda na share hawaye.

Yadda aka yi na zama ma'aikaciyarsu kuwa, takaici ne ya sa. Injiniya da salatif yake manna mata na'urorin a fata, in za a cire sai ta ciji leɓe. Na kalla sau ɗaya, sau biyu, a na uku na ce masa don Allah ya matsa, wannan aikin tela ne. Na auna ta, na ɗinka mata hannun riga daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, da 'yan aljihuna da kowace na'ura za ta zauna, da hanyar waya ta cikin shafi. Suka yi ta yabo kamar na ƙera jirgi. Daga nan na ɗinka wa wani mai keken guragu ɗamara, na ɗinka wa wani kurma riga mai karkarwa da yake jin kiɗan a ƙirjinsa. Akwai kuma wata dattijuwa da ba ta gani, ta yi ritaya daga aikin amsa waya, ana ce mata Anti Kunne don ko allura ta faɗi sai ta gaya maka lambarta. Ita da Auta suka ƙulle. Kullum in an tashi, Anti Kunne ta riƙe damtsen Auta su bi baranda, wai ɗaya ido ɗaya baki.

Ana nan sai Dakta ta ce za a yi taro a babban zauren jami'a, a gayyato jama'a su ga aikin, kujera ɗari biyu, kuma kowa zai hau dandamali in yana so. Ban gama numfashi ba na ji Auta ta ce za ta hau. Kowa ya tafa, ni ma na tafa, amma ba da son raina ba. Mutum ɗari biyu, Yaya, da wayoyinsu a hannu, da fitila a kanta. Kuma na san in ta tsorata hannun har tsalle yake. Na yi ta hango fuskar matar nan ta shago sau ɗari biyu. Na ce in suka yi mata dariya, ko suka yi mata kallon nan na Allah sarki, wannan karon ko falo ba za ta ƙara fitowa ba. Da aka ce in ɗinka mata sabon hannu mai kyau na ranar taro, sai shaiɗan ya zauna a kan kekena. Wata ranar Talata da azahar, ba kowa a shago, na yanko kwalin nan da muke sa wa wuyan riga don ya tsaya, na ninka shi biyu na cusa a cikin shafi. Na shimfiɗa soso a ƙarƙashin aljihunan. Na ƙara da 'yan dalma uku, irin na gindin labule, a wuyan hannun. Na bi da ɗinki mai kyau, na goge. A ganina na yi dabara, za ta yi kiɗanta kuma hannun zai natsu.

Saura kwana tara taro aka gwada. Auta ta zura hannu, na ga ta ɗan tsaya, ta kalle ni. Ta ɗaga hannu. Maimakon kiɗan nan mai rai, sai wani sauti guda ɗaya dogo, uuuu, kamar tsohon firji. Ta juya, uuuu. Injiniya ya ce na'ura ce. Ya zare su daga aljihunan ya gwada a kan tebur, lafiya lau. Ya mayar, uuuu. Bawan Allah nan kwana uku yana fama, ya canja waya, ya canja batir, ya goge abin da ya rubuta a kwamfuta ya sake, har ya fara ba na'urorin haƙuri. Hannun rigar kansa kuwa bai bincika ba, saboda dokar Dakta, tufafin Auta ne, ita take zuwa da shi ta koma da shi. Ni ina gefe ina ɗinka wa kurma aljihu, na yi tsuru-tsuru, kullum in ce gobe zan faɗa. A rana ta huɗu Auta ta ce wa Dakta ta fasa, a cire sunanta, wai kanta ke ciwo. Washegari ta ƙi shiryawa, ta koma ɗakinta ta tura ƙofa. Garin neman gira na rasa ido.

Na je ni kaɗai kai rigar kurma. Ina ajiyewa Anti Kunne ta ce in zo in raka ta baranda tunda 'yar jagorarta ba ta zo ba. Ta riƙe damtsena, muka yi taku goma, sai ta tsaya. Ta ce ita wata huɗu tana riƙe hannun yarinyar nan, ta san shi kamar nata, amma ranar gwaji da ta kama shi sai ta ji kamar ta riƙe kwalin taliya. Ta ce kuma akwai wani abu mai nauyi da yake bugun maɓalli in tana tafiya, guda uku ne in ba ta yi kuskure ba. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta yi mini wankin babban bargo. Ta ce ita ma tana da wata yayarta da ta shekara ashirin tana saya mata baƙin tabarau, ba don rana ba, don kada idanunta su dami mutane, kuma har ta rasu tana ganin alheri ta yi. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in je in tambayi mai ɗakin.

Na dawo gida na ƙwanƙwasa ƙofar Auta. Tana zaune a bakin gado, hannun rigar yana kan cinyarta. Na fara kame-kame, ta ce in bari, tun da ta zura hannu ta sani. Na ce to me ya hana ki faɗa, kika bar mutum yana ta wahala? Ta ce ta ga in ta faɗa, za a san ni ce, kuma ba ta son a ga laifina a gaban mutanen da suke girmama ni. In kuma ta yi shiru ta ci gaba, Injiniya zai haukace. Shi ya sa ta ga gara ta janye kowa ya huta. Ka ji fa, ni na yi ɓarna, ita take rufa mini asiri da abin da ta fi so a duniya. Na ce mata tsoro na ji, kada su kalle ki. Sai ta ɗago ta ce, "Anti, ai dama kallona za su zo yi. A wajen nan kaɗai hannuna ya taɓa yin daidai, shi ne kika ɗaure shi." Yaya, na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ita take bubbuga mini baya.

Ni na ɗauko reza, amma ita ta ce za ta riƙe mini yadin. Muka farke shafin a nan kan gado, hannunta yana rawa, rezata tana bin rawar, sau biyu na kusa yanke yatsana. Kwali ya fito, soso ya fito, dalma uku suka gangara ƙarƙashin gado. Washegari na tsaya a gaban kowa na faɗi abin da na yi. Injiniya ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya ce shi har ya fara tunanin komawa makaranta, sannan ya yi ta dariya har yana tari. Dakta ba ta yi dariya ba, kuma ba ta yi faɗa ba. Ta nemi izinina da na Auta a rubuta abin a cikin rahoton bincikensu, ta ce wata biyar suna neman yadda za su bayyana wa mutane bambancin taimako da ɓoyewa, ga shi tela ta ɗinka musu shi da hannunta. Ta karɓi kwalin ta sa a leda. Don haka in ka ji an ce ƙanwarka ta shiga littafin jami'a, kada ka yi saurin yin alfahari.

Ranar taro zauren ya cika har da na tsaye. Mun zo da Mama, ta zauna a layin gaba tana jan carbi da sauri kamar ana binta. Mai keke ya fara, kurma ya biyo, Anti Kunne ta yi nata da wata sanda mai amsa motsi. Sai aka kira Auta. Ta fito, ta tsaya a tsakiyar haske, hannun kuwa yana rawa fiye da duk yadda na taɓa gani, don tsoro ya kama ta sosai. Na riƙe kujera. Ta ɗaga shi sama, gaban kowa. Cokali ya fara, da sauri irin wanda ko a gwaji ba mu taɓa ji ba, keken ɗinkina ya shigo a ƙarƙashinsa, famfo yana ɗiga a tsakani. Ashe tsoron ma kiɗa ne. Da ta fara natsuwa kiɗan ya sauko a hankali, ta ja shi, ta sake shi, ta yi wasa da ƙofar banɗaki har mutane suka yi dariya inda take so su yi. Minti bakwai. Da ta sauke hannu, zauren ya ɗauka da tafi. Mama ta juyo ta tambaye ni wai ƙofarmu ce wannan, ta ce to kada Baban yara ya kuskura ya sa mata mai.

Abin da ya fi ba ni dariya ya zo daga baya. An ajiye hannayen riga uku da na ɗinka, aka ce duk mai so ya zo ya gwada. Wani babban malami mai tumbi ya zura, ya ɗaga hannu, uuuu. Ya girgiza da ƙarfi, sai ƙara kamar an zubar da kwanuka. Ya yi gumi sharkaf, ya juyo ya roƙi Auta ta koya masa. Ta duba hannun nasa sama da ƙasa, ta ce masa ya yi haƙuri, larura ce, hannunsa ya cika tsayawa, amma da atisaye zai samu sauƙi. Mutanen wajen har da masu zama a ƙasa don dariya. Tsokanar nan da ka sani ta dawo, Yaya, ka shirya. Layi aka yi a gabanta, yara da manya, tana riƙe musu gwiwar hannu bayan ta nemi izini. Dakta ta ce daga wata mai zuwa Auta za ta riƙa zuwa sau uku a mako, ita za ta karɓi sababbin da za su shigo. Ta ce kuma ba sai na raka ta ba. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna, na rufe.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce mata yadin da ta aiko na ɗinka wa Mama kuma ya karɓe ta. Ka gaishe da Babban Yaro da 'Yar Baba da ƙaramin da ban taɓa ɗauka ba, Allah ya raya su. Mama tana sa muku albarka, ta ce ka rage shan sanyi. Baban yara da 'yan biyu suna gaisuwa, Gwaggo ma ta ce in ba ka kira ta ba a wannan watan ta cire ka daga cikin 'ya'yanta. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa har kullum,
Mai Almakashi

Na ninke takardar ke nan Auta ta shigo ta ce a bar mata wuri. Na ce ta faɗa in rubuta mata, ta ce a'a. Layin da za ka gani a ƙasa ya hau ya sauka, ya ci kusan rabin shafi, kuma ya ɗauke ta minti goma. Ina zaune kusa da ita, hannayena biyu suna ƙarƙashin cinyata, ban riƙe mata biro ba.

Yaya, ni ce Auta. Ka zo ka ji hannuna.